Kunamar da Dalibor Ya Goge

A ƙungiyar maharba ta bayan garin Hodonin kowa ya san Dalibor da hali guda: ƙaramar bindiga ba ta shiga hannunsa ta fita yadda ta shigo. Direban bas ne, ya ba hamsin baya, ga tumbi ga sanƙo. Ɗakin ƙarƙashin gidansa, inda matarsa Kveta ta so ta riƙa adana dankali da kwalaben tumatir, shi ya mayar wurin aiki. Can yake yini ranar hutu da tabarau a karan hanci, yana sauya mariƙi, yana gyara saiti, yana goge ƙananan ƙarafa da magagari da sanfefa har sai sun yi ƙyalli. Ba shi da takardar maƙerin bindiga, ba ya kuma karɓar ko sisi. Abin da yake so kawai a ɗauki bindigar a ja kunama, a juyo a kalle shi a ce, "Kai! Me ka yi mata?"

Wata Asabar ta lokacin girbin inabi ya isa filin harbi da hantsi, yana ta fara'a. Filin tsohon ramin fasa dutse ne, an yi masa rumfa da benci, an tara tudun yashi a can ƙurya. Mai kula da wurin, Baba Oldrich, tsoho ne da ya yi aikin soja a zamanin da, kunnensa ɗaya ya mutu, amma idonsa ba ya barin komai ya wuce.

"Ga injiniya ya iso," in ji Baba Oldrich. "Yau kuma wace baiwar Allah ka yi wa fiɗa?"

"Tawa ce, Baba. Yau za ka ga kunama. Ko numfashi ka yi mata da ƙarfi za ta amsa."

"Ni dai a zamaninmu yatsa muke horarwa. Ku kuwa yatsa ya lalace, sai ku kama ƙarfe da faɗa."

Sauran maharban suka yi dariya. Dalibor ma ya yi. Ya toshe kunnuwa, ya tsaya a layi, ya zura gidan harsashi, ya juya bakin bindigar wajen tudun yashi yadda doka ta ce. Yatsansa na miƙe a gefe, nesa da kunama. Ya ja saman bindigar baya ya saki don harsashi ya hau.

Bindigar ta tashi da kanta.

Ba sau ɗaya ba. Ta yi ta bugawa a jere kamar ana yaga ƙyalle, tana ƙoƙarin kuɓuce masa, bakinta na ɗagawa sama. Harsashin farko ya shiga ƙasa a gabansa, na gaba ya bugi yashi, na ƙarshe ya tsaga katakon gefen rumfar ya watso masa ɓarɓashi a fuska. Sannan ta yi shiru.

"Kowa ya tsaya! Ajiye ta! Ajiye ta, na ce!"

Dalibor ya ajiye ta a kan benci. Yana jin warin albarushi a maƙogwaro. Ya ɗaga hannunsa yana nuna wa mutane yatsan, kamar yatsan ne zai ba da shaida.

"Ban taɓa ba. Kun gani ai, ban taɓa ba."

"Mun gani," in ji Baba Oldrich. Babu sauran wasa a muryarsa. Ya zare gidan harsashin, ya leƙa ciki, ya tabbata ba komai, ya wargaza bindigar a kan tsumma. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe da bai fi farce ba, ya ɗaga shi a hasken rana yana juyawa. "Wannan shi ke riƙe gudumar baya har a ja kunama. Da yana da ɗan haƙori. Ina haƙorin?"

"Kaɗan na rage."

"Ka cinye shi dai. Yanzu ba abin da ke riƙe ta sai sa'a." Tsohon ya ajiye ƙarfen, ya dube shi ta saman tabarau. "Ta wa da ta wa ka yi wa irin wannan aikin?"

Dalibor ya buɗe baki zai ce ba kowa. Sai ya tuna.

Hedvika. Ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Likitar dabbobi ce, tana yawo ƙauyuka ita kaɗai da akwatin magunguna a mota, kuma tun ranar da wasu samari suka tare ta a hanyar gona ta nemi lasisi, take ɗaura bindiga a ƙugu duk inda za ta. A makon da ya wuce ta kawo masa tata, ta ce kunamar ta yi mata tauri, tun da saniya ta taka mata hannu yatsan ba ya da ƙarfi. Ya yi mata aikin da ya yi wa tasa. Ya ma ƙara gogewa, don ƙanwarsa ce. Ya ce mata za su gwada tare, ta ce sai an gama girbi. Kuma ya san yadda take ɗaukar ta: harsashi a ciki, a ɗane, ɗan makullin gefe kaɗai ke tsare.

"Dalibor. Magana nake maka."

"Hedvika," ya ce, da ƙyar.

Baba Oldrich bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Cewa ya yi, "Tana ina?"

"Gonar surukanta. Yau suke tsinkar inabi."

"To me kake jira? Bar kayan nan, ni zan kulle. Ka ce mata kada ta taɓa, kada ta buga ta da komai. Tafi!"

Ya kira ta tun kafin ya kai mota. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya kira mijinta Radim, haka. Ya san dalili: ranar girbi kowa a ɗakin matsa inabi yake barin waya, don hannu duk danƙo ne. Makullin mota ya faɗi masa a tsakuwa, ya duƙa ya ɗauka, ya sake faɗuwa.

Hanyar ƙauyen surukan nata ba ta da nisa, ya sha bin ta, amma ran nan kamar ana jan ta. Shi da kullum yake faɗa da matasan direbobi a kan gudu, ga shi yana wuce motoci a kan kwana. Yana tuƙi yana lissafin abubuwan da mutum ke yi a gonar inabi. Duƙawa. Miƙewa. Ɗaukar kwando a ƙugu. Tsallake rami. Kowanne ya tuna sai ya ji ƙarar nan ta cikin rumfa a kunnensa. Ya ce wa kansa ai bindigar tana da makulli, makullin zai riƙe. Sai kuma ya tuna shi ma makullin a jikin wannan ɗan ƙarfen yake aiki, kuma bai san iya abin da ya rage ba.

Waya ta yi ƙara, ya kusa faɗawa rami wajen ɗauka. Kveta ce.

"In za ka dawo ka biya ka sayo burodi, kuma ban da irin na ran nan mai..."

"Kveta, kira Hedvika. Ki yi ta kira. Kira Radim, kira uwarsa Inna Bozena, duk wanda kike da lambarsa a can."

"Lafiya? Muryarka ta zama wani iri."

"Bindigarta. Na ɓata ta. Za ta iya tashi da kanta."

Kveta ta ce a hankali, "Zorka na can. Jiya Hedvika ta ce da ita za su."

Zorka ita ce 'yar Hedvika ɗaya tilo, wadda aka samu bayan an fid da rai, bana ta shiga makaranta. Dalibor ya san tana can. Tun daga filin harbi ya sani, ya dai hana kansa tunawa ne.

"Na sani," ya ce, ya ajiye wayar.

A bakin ƙauyen ya tarar da wata tarakta ta cika hanya, tana jan tirela cike da inabi, tana tafiya kamar ba za ta ba. Ya danna oda, mai taraktar ya ɗago hannu ya gaishe shi. Ya hau gefen hanya ya wuce, madubin motarsa ya bugi shinge ya karye, bai tsaya ba.

Ɗakunan matsa inabi suna jere a gindin tudu, farare da shuɗin gindi. A ƙofar na surukan Hedvika, Inna Bozena, uwar Radim, tana tsaye kan katuwar tukunyar gulash, wato farfesun nama, da muciya a hannu, ta ɗaure kai da ɗankwali.

"A'a, Dalibor! Hancinka ya kawo ka ko? Aiki ba a gan ka ba, amma tukunya na nuna..."

"Inna, ina Hedvika?"

"Ko gaisuwa babu? Suna sama mana. Yanzu za su sauko cin abinci, ka ji ƙarar taraktar Radim ma. Kai, me ya same ka? Ka yi fari kamar alli."

"A kan tirela za su sauko?"

"To da a kan me? Tun safe suke tsaye."

Ya san hanyar nan da ke saukowa daga tudun. Ruwan sama ya cinye ta, duk kwazazzabai ne da duwatsu, in kana kan tirela sai haƙoranka sun haɗu. Ya bar motar a buɗe ya kama gudu.

Rabon Dalibor da gudu ya manta. Kafin ya kai rabin tudun ƙirjinsa ya ɗauki zafi, bakinsa ya bushe, takalminsa na zamewa a kan laka. Layukan inabi a dama da hagu, rana ta take, ƙudan zuma na bin 'ya'yan da suka fashe. Yana jin taraktar a sama amma bai gan ta ba tukuna.

Sai ya ji harbi. Ƙara ɗaya, mai nauyi, daga saman tudun.

Ya zube a gwiwa cikin laka. Ya kafe yana jiran kukan mata, yana jiran a kira sunan wani. Tsuntsaye suka tashi baƙi ƙirin daga cikin gonar suka karkata yamma. Da ya ga tsuntsayen ne hankalinsa ya dawo: injin korar tsuntsu ne, mai aiki da gas, wanda kowace gona ke da shi a wannan lokacin. Ya sha jin sa tun yana yaro. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ci gaba.

Taraktar ta ɓullo daga kwana. Radim na tuƙi, hula a karkace, sigari a baki. A baya tirela na tangaɗi, kwanduna a tsakiya, mutane zaune a gefe-gefe sun sako ƙafafu, mata na waƙa suna dariya duk lokacin da taya ta faɗa rami. Hedvika na zaune a gefen dama, rigar sanyi a sake a jikinta. Zorka na kan cinyarta, ta jingina da ita, daidai ƙugun da bindigar take.

Dalibor ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu. Ya so ya yi ihu, sai ya tuna in Radim ya taka birki da ƙarfi kowa zai yi gaba ya dawo. Ya riƙa sauke tafin hannunsa a hankali, a hankali, yana ja da baya. Taraktar ta rage gudu ta tsaya.

"Yallaɓai ɗan sanda, laifin me muka yi?" in ji Radim yana dariya. "Dubi wandonka! Addu'a ka tsaya yi a hanya?"

"Kashe injin."

"Me?"

"Radim, don Allah kashe injin."

Ya kashe. Waƙar ta mutu. Hedvika ta leƙo, ta ga yayanta, ta ɗaga Zorka za ta ajiye ta gefe, ta dafa katako za ta diro.

"Kada ki dira!"

Muryar ta fito masa kamar ba tasa ba. Hedvika ta tsaya da ƙafa ɗaya a iska.

"Yaya, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zauna yadda kike. Kada ki motsa." Ya matso, yana haki. Ya yi ƙasa da murya. "Tana jikinki?"

Ta dube shi, ta gane abin da yake nufi. Ta gyaɗa kai.

"Aikin da na yi mata bai yi ba. Tawa ta tashi da kanta ɗazu a fili, ban taɓa kunama ba. Taki na fi gogewa."

Ya ga jini ya bar fuskarta. Ta juya wajen yarinyar da murya mai daɗi, irin wadda take yi wa doki mai firgita. "Zorka, je wurin Babanki. Bi ta can, ta baya. Yawwa, 'yar kirki." Radim ya riga ya sauko, sigarin ya faɗi bai sani ba. Ya ɗauke yarinyar ya rungume.

"Jama'a, kowa ya sauka ta hagu," in ji Hedvika. "A hankali, kada a girgiza tirelar. Ku bi hanya ku yi ƙasa."

Wata tsohuwa ta fara tambayar mene ne, maciji ne? Aka ja hannunta. Suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowace sauka tirelar ta ɗan motsa. Radim ya ƙi tafiya sai da matarsa ta daka masa tsawa ya kai yarinyar nesa.

Suka rage su biyu. Dalibor ya miƙa hannu, ta dafa kafaɗarsa, ya sauko da ita kamar mai sauke tulu cike da ruwa. A gefen hanya akwai gaɓar ƙasa mai tsayi inda aka yanke tudun, jar ƙasa mai laushi, ba dutse. Suka taka zuwa can.

"Ba ni ita," ya ce. "Ni na ɓata, ni zan cire mata harsashi."

"Dubi hannunka, Yaya."

Ya duba. Yatsunsa na kaɗawa kamar na mai zazzaɓi.

"Koma bayana," ta ce.

Ta ɗage rigar, ta zare bindigar daga kube da yatsu a miƙe, bakinta na kallon ƙasa har ta juya shi wajen gaɓar. Ta zare gidan harsashin ta jefar a ciyawa. Saura ɗaya, na ciki. Wannan ba ya fita sai an ja saman baya, saman kuma ba ya jawuwa sai an sauke makulli. Ta riƙe da hannu biyu, ta miƙa su gaba, ta kau da fuska.

"Na sauke?"

"Sauke."

Babban yatsanta ya danna ɗan makullin. Bindigar ta tashi nan take.

Ƙasa ta yi tsalle daga jikin gaɓar ta zubo. Kwanson harsashin ya gangara cikin laka. Daga ƙasan hanya aka ji mata sun yi ihu, Zorka ta fashe da kuka, Radim na kiran sunan matarsa.

"Lafiya lau!" Hedvika ta ɗaga murya. "Ba abin da ya same mu! Ku tsaya can!"

Ta leƙa cikin bindigar, ta sake leƙawa, ta ajiye ta a kan ciyawa a buɗe. Sannan ta zauna a ƙasa daɓas, ta sa kanta tsakanin gwiwoyi. Dalibor ya tsaya a kanta, kunnuwansa na ƙara, bai san inda zai sa hannunsa ba.

Can ta ɗago. "Ka san inda nake cire mata harsashi kullum?" ta ce. "A ɗakin kwananmu, gaban akwatin ƙarfe. Bakinta na kallon bango. Gadon Zorka na bayan bangon." Ta share hanci da bayan hannu. "Makon nan gajiya ta hana ni. Yadda take nake sa ta a akwati, yadda take nake ɗauka. Ina ta jin haushin kaina wai na zama malalaciya."

Dalibor ya juya ya dafa gaɓar ƙasar.

Radim ya hauro shi kaɗai. Da ya ji yadda aka yi, ya cakumi wuyan rigar Dalibor ya manna shi da tirela, ya ɗaga hannu. Dalibor bai kare ba, ya ma so a buge shi. Hedvika ta ce, "Sake shi. Ni na kai masa da hannuna." Radim ya sake shi, ya tofar da yawu a gefe, ya hau taraktarsa.

Suka sauko ɗakin matsa inabi. Inna Bozena ta zuba wa kowa gulash, ta zuba wa Dalibor ma, ta tura masa burodi ba tare da ta dube shi ba. Ya zauna a ƙarshen benci. Ya ɗauki cokali, ya ajiye. Zorka, da ta riga ta manta da kukanta, ta zo ta nuna masa haƙorinta da ke girgiɗi, ta ce ya taɓa ya ji. Ya kasa. Radim ya kira ta ta koma kusa da shi.

Ran Litinin Hedvika ta kai bindigogin biyu wurin maƙeri mai takarda a birnin Brno, aka sauya musu kayan ciki gaba ɗaya. Ƙungiya ta zauna a kan maganar, aka dakatar da Dalibor daga fili har bazara, aka kuma bi duk bindigar da ya taɓa taɓawa aka duba. Sauran ba su da matsala, amma ba wanda ya sake kawo masa tasa, shi ma bai nema ba. Hedvika na ɗaukar wayarsa, suna gaisawa, sai dai maganar ba ta tsawo. Radim bai yi masa magana ba sai a bikin Kirsimeti, nan ma cewa ya yi ya miƙo masa gishiri.

Abin da ya fi daɗewa shi ne firgitar. A cikin hunturu, yana tuƙa bas ɗinsa cike da 'yan kasuwa, wata babbar mota ta yi tusa da ƙara kamar harbin bindiga a kusa da shi a mahaɗar hanya. Ya taka birki, ya riƙe sitiyari, gumi ya jiƙe masa riga. Fitila ta ba da hannu, na baya suka yi ta oda. Wata mata da ke kujerar gaba ta leƙo ta ce, "Direba, lafiya kuwa?" Ya ce lafiya, ya sa giya, suka ci gaba.